Ina Motar Shara Ta Sauke Yaya Iro?

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari,
da 'yan majalisar da ke zama tare da shi a meri, wato ofishin hukumar gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka irin gaisuwar da talaka ke yi wa shugabansa. Ina gaida iyalinka da duk mai cin abinci a ƙarƙashinka, da fatan zafin bana bai takura muku ba. Sunana Hadiza, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Hausawa ta bayan kasuwa. Fatauci ne ya kawo kakanmu bakin Binuwai tun kafin a aza harsashin ofishin da kake zaune a ciki, a nan aka haifi ubanmu, a nan aka binne shi. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Na yi wannan a fili ne domin na gaji da ɗumama benci a ƙofar ofishinka, kuma akwai wani ɓangare na maganar da ba kai kaɗai nake so ka ji ba.

Ina cikin mutanen da suka tsaya a rana ran da ka karanta rahoton shekara a filin meri. Na ji ka lissafa rijiyoyin burtsatse da kwalbatoci da azuzuwan makaranta da fitilun sola. Ban zo ƙaryata su ba, fitilar bakin layinmu tana ci, ni shaida ce. Amma can wajen ƙarshe ka faɗi wata magana da Faransanci, tafinta ya juya ta da Fillanci ta lasifika. Ka ce an tsaftace gari, masu taɓin hankali da ke yawo a titi an ɗauke su cikin mutunci an mayar da su hannun iyalansu. Aka yi tafi, matan da ke cikin rumfa suka rangaɗa guɗa. Ranka ya daɗe, ni ce iyalin. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun safiyar da motar sharar meri ta tafi da shi ban sake sa shi a ido ba.

Na farko, bari in gaya maka wanda kuka ɗauka, tunda a rahotonka ba shi da suna.

Sunansa Ibrahim. A gida Yaya Iro muke ce masa, a gari kuma Iro Mai Leda. Tela ne a da, mai aikin babbar riga, har daga Garwa ake kawo masa ɗinki. Ciwon ya same shi yana tsakiyar ƙarfinsa. Marigayi babanmu ya kai shi gidan wani mai magani a ƙauye, inda aka sa masa mari a ƙafa, ana danne shi ana ɗura masa kunu da jiƙo a ciki, in ya ƙi a zane shi. Da mahaifiyarmu Inna ta je dubiya ta ga bayansa, ta ce a kwance mata ɗanta, ta taho da shi. Ya dawo shiru, ba zagi ba jifa, sai abu ɗaya da ya zauna masa har yau: ba ya karɓar abinci daga hannun mutum, kuma ba ya ci in ana kallonsa. Ko Inna ce ta miƙa masa kwano, sai ya mayar da hannuwansa baya ya kau da kai. Saura kaɗan yunwa ta kashe shi a tsakar gidanmu, ga tuwo a gabansa.

Inna ce ta gano dabara. Wata rana ta bi shi har darbejiyar shataletalen kasuwa, inda yake wuni, ta ɗora kwanon a inda rassan suka rabu biyu, ta juya ta yi tafiyarta ba ta waiwaya ba. Da yamma aka tarar da kwanon a wanke. Haka muke ciyar da shi shekara da shekaru, da ƙafa ta gaza wa Inna ni na gaje ta.

Aikinsa tsintar leda. Da gari ya waye zai zagaye shataletalen da bakin kasuwa, ba ya barin ko ƙyallen ledar ruwa, ya ɗaure su dami-dami ya ajiye kusa da murhun Marta, wata Kirista mutuniyar kan dutse da ke tuyar ƙosai a gefen titin. Da su take hura wuta. Ita ma ta san ƙa'idarsa, takan ƙunsa masa ƙosai ta ɗora a bishiyar ta koma ta ba shi baya. In rana ta faɗi ya dawo zauren gidanmu ya kwanta. Jauro, wato mai unguwarmu, ya san haka. 'Yan gadin meri ma sun sani, domin a inuwar wannan darbejiyar suke zama cin ƙosai kusan kullum.

Na biyu, abin da ya faru safiyar da baƙinka za su zo.

An ce manyan baƙi za su zo daga Garwa da Yawunde su duba ci gaban da aka samu, su gwada tsaftar garinmu da ta sauran garuruwa. Mun ga alama, an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, an kore awaki daga titi, an yashe kwata. Mun saba, ba ma kuma ƙi, ko ba komai albarkacin baƙi mukan ga tsintsiyar meri. Amma ba wanda ya ce mana a tsare Iro a gida. Da an aiko mana da kalma ɗaya, da na zaunar da shi a zaure ko da zan wuni a bakin ƙofa.

Ina cikin suyar gyaɗa da hantsi maƙwabciyata ta leƙo ta ce in yi maza shataletale. Abin da ya faru kafin in isa Marta ce ta gaya mini, kuma ta ce in sa sunanta, ba ta tsoron kowa. Motar shara ta tsaya, 'yan gadi suka diro. Shugabansu, wani dogo mai tabo a haɓa, ya nuna Iro da kulki ya ce da Faransanci a kwashe masa wannan. Iro na tsugune yana ɗaure ledarsa. Ɗayansu ya cafki wuyan hannunsa. Mutumin da aka taɓa dannewa ana yi masa ɗura, me kake zato zai yi? Ya fizge ya rungume bishiyar. Iyakar laifinsa ke nan. Suka hau dukan yatsunsa da kulki a jikin itacen don ya saki, Marta ta ce tana jin ƙararsu kamar ana karya kara.

Ta taso ta shiga tsakani tana cewa, "Ku bar shi, yana da gida, ga gidansu can bayan kasuwa. Ni zan kai shi." Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Fillanci, ta faɗa da Faransancin da take iyawa. Amsar da ta samu ita ce wani ya sa ƙafa ya hamɓare murhunta. Kaskon mai yana tafasa ya kife mata daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, fatar wurin ta saluɓe tare da zanenta.

Sauran kuwa da idona na gani. Na tarar da yayana a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da robar taya, ana jansa ta ƙafa a kan kwalta, kansa na bugun dakalin shataletale. Bakinsa cike da jini, haƙoran gaba babu. Wandonsa ya zame, dattijo mai furfura tsirara a gaban 'yan kasuwar da suka girma suna gaishe shi. Bai yi ihu ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "An gode, an gode." Haka yake cewa duk lokacin da ya tsorata, tun daga gidan mai maganin nan ya koyo ta.

Na faɗa kansa na riƙe rigarsa ina cewa yayana ne, ku ba ni shi. Dogon ya ɗauke ni da mari har ɗan kunnena ya tsaga mini kunne, wani ya sa mini takalmi a ƙirji ya ture ni gefe. Suka kama shi hannu da ƙafa, suka lila shi suka wurga cikin motar. Ba shi kaɗai ba ne a ciki. Na hangi wata tsohuwa an ɗaure ta da zanenta, na kuma ga ƙafar wani mutum da ba ta motsi. Motar ta ɗauki hanyar kudu, na bi ta da gudu ba takalmi har numfashina ya ƙare.

Kafin azahar aka dawo da bokitin farar ƙasa aka sake shafe gindin darbejiyar, saboda jinin yatsunsa ya ɓata aikin jiya. Aka watsa yashi a kan man Marta. Baƙinka suka wuce ta wurin da jiniya, an ce sun yaba ƙwarai.

Na uku, neman da na yi.

Na fara da ofishinka. Sakatarenka ya san launin kowane mayafi nawa yanzu. Yau a ce kana taro, gobe a ce ka tafi Garwa, jibi a ce in rubuto koke, in na kawo a ce mai karɓa bai zo ba. A komisariya 'yan sanda suka ce 'yan gadin meri ba mutanensu ba ne. Jandarma suka ce in koma meri. Na bi asibitocin Garwa ɗaki-ɗaki, har ɗakin ajiye gawa na shiga, ana janyo mini 'ya'yan mutane ina leƙa fuskokinsu. Duk wadda na leƙa na ga ba shi ba ne sai in ce alhamdulillahi, in fito kuma in zauna a bakin titi in yi kuka.

Wani daga cikin 'yan gadin da suka tafi da motar ran nan ya tare ni a hanya. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a huce a kansa. Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini, ni umarni na bi. Ba wuri ɗaya aka sauke su ba. Ɗaya-ɗaya aka riƙa zubarwa a daji, don kada su haɗu su gane hanya su dawo." Na roƙe shi da girman Allah ya gaya mini inda aka sauke nawa, ya ce yana da 'ya'ya, ya wuce.

Daga nan sai jita-jita. Wani ya ce an ga mai kama da shi a hanyar Rai Buba, wani ya ce wajen Mayo-Ulo, ko da yake motar ba can ta nufa ba. Duk na je. Wani direban motar auduga ne ya ce in gwada ƙauyukan mararrabar Poli. A ɗaya daga cikinsu na sami wata manomiya da ta gane kwatancena tun ban gama ba. Ta ce wani baƙo mai kumburarrun hannuwa ya zauna musu a gindin wata tsamiya, ba ya magana, sai dai in iska ta kawo leda ya tashi ya kamo ta. Ta ce, "Mun ba shi abinci, 'yar'uwa, wallahi mun ba shi. Har bakinsa na kai masa kunu, ya ɓoye hannu ya juya kai. Muka ce ko azumi yake." Suka kewaye shi suna lallashi, manya da yara, kowa da ƙwaryarsa. Wata safiya suka tashi ba su gan shi ba, sawunsa ya yi daji.

Ranka ya daɗe, wannan ne abin da ke ci mini rai fiye da marin da aka yi mini. Mutanen kirki sun same shi, ga abinci, ga bishiya a kansa da rassanta, amma ba wanda ya san cewa ɗorawa ake yi a juya baya. Yaranka sun sani. Sun ga ina yi kullum suna cin ƙosai. Suka ɗauki mutumin da hanyar cin abincinsa ɗaya ce tak a duniya suka jefar da shi inda ba wanda ya san ta. Wannan a wurina kisa ne, bambancinsa kawai ba a gabansu zai faɗi ba.

Na huɗu, rahoton kansa.

A babban ƙyallen da aka rataya bayan kujerarka ran taro akwai hoton shataletalen kasuwa, fes, da darbejiyar mai farin gindi a tsakiya. Hoton ya yi kyau, ban ƙi ba. Ina roƙonka ka sa direbanka ya bi da kai ta wurin gobe, ka sauke gilashi. Leda ta rufe kwata, ta maƙale a waya, awaki na ci suna kumbura. Mai sharar da ya riƙe muku wurin shekara da shekaru ba ku taɓa ɗaukarsa aiki ba, shi kuka kwashe, kuka kuma sa aikinsa a hoto kuka karɓi tafi. Marta tana kwance a ɗakinta, ƙafar ta ƙi warkewa, murhunta ya mutu. Ban ji sunanta a cikin matan da ka ce an tallafa wa sana'arsu ba.

Ina so in san wa ya rubuta maka kalmar iyalansu. In kai ka rubuta, ka san ƙarya ka karanta. In kuwa rubuto maka aka yi ka karanta ba ka bincika ba, to ga shi yau na gaya maka, daga yanzu ba ka da uzurin rashin sani. Tsohuwar nan da na gani a motar ma tana da wanda ya haife ta, wataƙila tana da wanda ta haifa.

Na biyar, halin da unguwa ke ciki, don kada wata rana ka ce ba a faɗa maka ba.

Washegarin abin, samarin unguwarmu da mahautan kasuwa suka taru da jarkokin fetur da adduna, za su je su ƙone motar sharar, su kuma nemi dogon nan. Ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata tana tare da su. Har yau in na ɗaga taɓarya ina dakan gyaɗa, fuskarsa nake gani a cikin turmin. Inna ce ta sa aka fito da ita ƙofar gida a kan kujera, ta ce musu, "In kun ƙone motar kun kashe masu ita, wa zai nuna mini inda aka ajiye ɗana?" Da wannan suka watse. Dogon kuwa yana nan yana yawo a kasuwa da kulkinsa, ranar nan har ya tsaya gaban tirena yana tambayar ko ƙulin na yau ne. Inna ta tsufa, ni kuma mace ce ɗaya. Ban yi maka alkawarin za mu iya tare su karo na biyu ba.

Ga abin da nake nema a wurinka.

Ka kira waɗanda suka bi motar nan, su faɗi inda suka sauke kowane mutum, ka ba mu mota su shiga gaba su nuna mana wuraren. Ba motar shara ba. In da rai muka same shi mu kawo shi gida, in kuwa ƙasusuwa ne, a ba mu mu yi masa sutura mu kai shi kusa da ubansa.

Ka sa a yi shela a rediyo da Fillanci da Hausa da Faransanci, a faɗi kamanninsa da yadda ake ba shi abinci. Wannan ba ya jiran zaman majalisa, yau ma za ka iya.

Dogon mai tabo da waɗanda suka taya shi su tsaya gaban alƙali, meri kuma ta ɗauki jinyar Marta har ta taka ƙafarta.

A cire maganar nan daga rahoton, a kuma faɗi gaskiyarta a filin da aka faɗe ta, da lasifikar da aka faɗe ta, tafinta ya juya. In baƙi za su sake zuwa, a gaya wa jauro ya gaya mana, kowa ya san yadda zai yi da nasa.

Sai ku da wannan takarda za ta faɗa hannunku, direbobi da makiyaya da manoma da masu zuwa cin kasuwar ƙauye, daga hanyar Poli har Rai Buba. In kun ga wani dattijo siriri mai furfura, ba haƙoran gaba, yatsunsa a karkace, yana bin leda, don Allah kada ku kama shi, kada ku kewaye shi, kada ku miƙa masa komai. Ku zuba abin da kuke da shi a ƙwarya, ku ɗora a kan bishiyar da ta fi kusa da shi, inda rassa suka rabu, ku juya ku tafi kada ku waiwaya. In kun dawo kun tarar da ƙwaryar a wanke, shi ne. Ku aiko unguwar Hausawa ta bayan kasuwa, gidan Inna mai man gyaɗa.

Ranka ya daɗe, har yau kullum da azahar ina kai kwanonsa darbejiyar, domin Inna ba ta cin nata sai na dawo na ce mata na ajiye. Da yamma in je in ɗauko, tsuntsaye sun taɓa abin da suka taɓa, kwanon ba a wanke ba. Na ji an ce wasu baƙin na tafe, za a sake shafa wa itatuwa farar ƙasa. Ka gaya wa masu shafen in sun zo kan wannan su bar kwanon inda yake.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya kewaye ka da masu gaya maka gaskiya. Allah ya raya maka zuriya da hankalinsu. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a rana, kana ji ana karanta ɗan'uwanka cikin ayyukan da aka kammala, mutane na tafi.

Wassalam.

Hadiza, ƙanwar Iro Mai Leda,
Unguwar Hausawa, bayan kasuwa.